RAINON SABABBIN MA'AIKATAN JINYA: HANYAR RIƘE SU A ASIBITI

Gabatarwa

Kowace shekara makarantun koyon aikin jinya na ƙasar nan suna yaye ɗalibai masu yawa, maza da mata, amma duk da haka kukan da ake ji daga asibitoci bai canja ba, watau ƙarancin ma'aikata. Dalili kuwa shi ne, yadda ake zuba sababbi ta sama haka waɗansu ke zurarewa ta ƙasa, tamkar mai ɗibar ruwa da kwando. A cikin watan Fabrairu na 2024, Magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya wajen 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a shekarar 2023 kaɗai. Wannan lissafin waɗanda suka ƙetare ne kawai. Ban da su akwai masu barin asibitocin jiha su koma na Tarayya, da masu komawa ƙungiyoyin agaji, da masu barin ƙananan garuruwa su tafi manyan birane, da kuma masu ajiye farin kaya su kama wata sana'a dabam.

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan hanya guda ta rage wannan asara, wadda ba ta bukatar sabon gini ko injin da za a sayo daga waje. Hanyar ita ce raino, watau a damƙa kowane sabon ma'aikaci a hannun wani tsohon hannu da aka ambata da suna, ya riƙe shi har ya cika shekara guda a bakin aiki. An ɗauki garin Potiskum na Jihar Yobe ya zama misali. Duk inda aka ce ma'aikaciya ko ma'aikaci a cikin darasin, ana nufin mace da namiji baki ɗaya.

Halin da Ake Ciki a Potiskum

Potiskum gari ne na kasuwanci da ke kan hanyar da ta haɗa Kano da Maiduguri, nan kuma hanyar da ta fito daga Bauchi ta same ta. Kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Ngizim da Karekare da Bolawa da Hausawa da Fulani da Barebari duk suna zaune a cikinta da kewayenta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno ran 27 ga Agusta, 1991, garin yake ta bunƙasa. Babban asibitinsa, wanda gwamnatin jiha ta ɗaga darajarsa zuwa asibitin ƙwararru, yana karɓar majinyata daga cikin gari da kuma ƙasashen Fika da Nangere da Fune, ga kuma waɗanda haɗarin mota ke rutsawa da su a kan manyan hanyoyi.

Ma'aikatan wannan asibiti sun ga ranakun wuya. A watan Fabrairu na 2013 aka kashe likitoci uku 'yan ƙasar Koriya ta Arewa da ke aiki a garin. Ran 10 ga Nuwamba, 2014, bam ya tashi a wata makarantar sakandare ta gwamnati, ya hallaka mutum fiye da 40, akasarinsu ɗalibai, aka kwaso waɗanda suka ji rauni zuwa wannan asibiti. A 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke, Jihohin Kano da Yobe na kan gaba wajen yawan masu kamuwa. Farkon 2024 kuma sanƙarau ya shiga waɗansu makarantun kwana na yankin. Ban da waɗannan, kowace damina zazzaɓin cizon sauro kan cika ɗakin yara har gadaje su kasa.

Cikin irin wannan wuri ne ake turo yarinya ko saurayin da ya fito daga Kwalejin Shehu Sule ta Koyon Aikin Jinya da Unguwarzoma da ke Damaturu, ko wata makaranta irinta. Gwamnatin Jihar Yobe ta sha ɗaukar waɗanda suka kammala wannan kwaleji aiki kai tsaye, wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai ɗaukar ma'aikaci mataki ne na farko. Abin da zai nuna ko kuɗin da aka kashe wajen horar da shi ya yi amfani shi ne a dawo bayan shekara uku a same shi yana nan a bakin aikinsa.

Abin da Ya Sa Shekarar Farko Ta Fi Haɗari

Masana aikin jinya sun daɗe da lura cewa shekarar farko ita ce mafi wuya a rayuwar ma'aikaci. A 1974 wata malamar jinya a Amurka, Marlene Kramer, ta wallafa littafi a kan irin firgitar da sabon ma'aikaci ke yi sa'ad da ya tarar abin da ke cikin asibiti ya sha bamban da abin da aka koya masa a aji, ta nuna cewa wannan firgita na cikin abubuwan da ke korar mutane daga aikin. A 1984 wata kuma, Patricia Benner, ta kasa ƙwarewar ma'aikacin jinya mataki biyar, daga ɗan koyo har zuwa gwani, ta ce kafin mutum ya kai mataki na uku, inda zai iya tsara aikinsa da kansa, yakan yi shekara biyu zuwa uku a kan aiki iri ɗaya. Ma'anar wannan ita ce takardar shaida izni ce ta fara aiki, hannu kuwa sai a hankali yake faɗawa.

Ga abubuwa huɗu da suka fi damun sabuwar ma'aikaciya:

1. Nauyi ya faɗo mata gaba ɗaya. Jiya tana ɗaliba, akwai malami a bayanta. Yau da dare mai yiwuwa ita kaɗai ce a ɗaki mai majinyata da yawa, ga likita yana can ɗakin tiyata.

2. Tsoron kuskure. Alal misali, likita ya rubuta a ƙara wa majinyaci ruwa mililita 500 cikin awa huɗu. Idan robar ƙarin ruwan mai ɗigo 20 ce a kowace mililita, lissafi zai ba da ɗigo 42 a minti ɗaya. A aji wannan lissafi ba shi da wuya. Amma da ƙarfe biyun dare, ga wuta ta ɗauke, ga 'yan'uwan majinyaci tsaye a kanta, sai hannu ya yi rawa.

3. Kunyar tambaya. Inda aka saba yi wa sabon shiga tsawa a gaban jama'a, sai ya gwammace ya yi shiru ya yi abin da ya ga dama. Majinyaci ne ke biyan kuɗin wannan shiru.

4. Kaɗaici da baƙin ciki. Ranar da yaro ya fara mutuwa a hannunta, ko mai haihuwa ta rasu saboda zubar jini, idan ba ta sami wanda zai zauna da ita ya ba ta baki ba, takan koma gida da tunanin cewa ita ce sanadi. Wadda aka turo daga nesa, ba ta jin harshen wurin, ba ta da dangi a gari, abin ya fi yi mata tsanani.

Mutumin da ya kwana ya tashi cikin waɗannan har wata shida, da zarar ya ji labarin wata ƙofa a buɗe ba zai tsaya shawara ba.

Mene Ne Raino?

Raino ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A Potiskum, garin manyan motoci, ba a miƙa wa yaro mabuɗin tirela ranar da ya zo tasha. Yakan bi maigidansa shekara da shekaru, ya koyi ɗaurin kaya da sauraren kukan inji da halin kowace hanya, sa'an nan a sakar masa sitiyari a inda hanya ta miƙe, maigida na zaune a gefe. Haka dillalin shanu ke tasowa a hannun wani dillali, haka maƙeri, haka ɗalibin ilmi a zauren malaminsa. In kuwa ba a yarda a sakar wa sabon hannu mota shi kaɗai ba, ashe ran ɗan Adam ya fi cancanta a yi masa wannan hattara.

A asibiti raino yana da fuska biyu. Ta farko ita ce koyar da hannu: sa allura a jijiyar jariri, karanta rubutun likita, rubuta rahoto, miƙa aiki ga mai karɓa, da gane majinyacin da jikinsa ke shirin rikicewa tun kafin ya rikice. Ta biyu ita ce riƙon zuciya: sauraren damuwa, ba da shawara kan zama da abokan aiki, da nuna wa ƙarami hanyar ƙaro ilmi da ci gaba. Raino ya bambanta da duba aiki. Mai duba aiki shugaba ne, yana rubuta rahoton da ƙarin girma ya dogara a kai, saboda haka ba kowa ke iya buɗe masa ciki ba. Mai raino kuwa matsayin ya ko wa yake, wanda za a iya ce masa, "Sista, ban gane wannan ba," ya amsa da, "Zo in nuna miki, ƙanwata," ba tare da maganar ta kai ofis ba.

Ƙasashen da ke jan ma'aikatan ƙasar nan sun riga sun mai da wannan ƙa'ida. A Ingila ma'aikatar lafiyarsu ta fitar da tsarin rainon sababbin ma'aikata a 2010, aka sabunta shi a 2022, inda aka tanadi kowane sabo ya sami mai raino da aka ambata, a kuma keɓe musu lokacin ganawa a cikin awoyin aiki. A Amurka manyan asibitocin koyarwa sun fara irin wannan shiri na shekara guda tun 2002. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta bayar a 2010 kan riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, ta kasa matakan gida huɗu: ilmi, dokoki, kuɗi, da kuma tallafa wa ma'aikaci a rayuwarsa da sana'arsa. Raino yana cikin gida na huɗu.

Darasi Daga Shirye-shiryen da Suka Gabata

Ƙasar nan ta taɓa gwada hanyoyi dabam-dabam. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin tura unguwarzoma karkara, ƙarƙashin Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko. An tura sababbin unguwarzoma da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya, aka haɗa ƙananan asibitoci huɗu-huɗu da babban asibiti guda. Shirin ya kai ma'aikata wuraren da da babu, amma da yawa ba su zauna ba, saboda jinkirin biyan alawus da rashin masauki da nisa da iyali.

Daga 2012 zuwa 2020 aka gudanar da shirin Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya a Jihohin Yobe, Jigawa, Kano, Katsina da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. Shirin ya ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, ya ba su shekara guda ta share fage domin su cancanci shiga makarantun jinya, da nufin su koma su yi wa garuruwansu aiki. Hikimar ita ce ɗan gari ya fi baƙo zama. Amma ko 'yar gari ce, idan aka bar ta ita kaɗai da nauyin da ya fi ƙarfinta, za ta gaji.

A watan Fabrairu na 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya ta fitar da ƙa'idar cewa sai ma'aikaci ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardunsa na fita waje, ma'aikatan jinya kuwa suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A watan Agusta na shekarar Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya gabatar. Abin lura a duk waɗannan shi ne, doka tana iya jinkirta tafiyar mutum, amma abin da ke zaunar da shi shi ne ya ji ana bukatarsa, ana kula da shi, yana kuma ƙaruwa.

Yadda Za a Tsara Raino a Asibiti

Asibiti kamar na Potiskum yana iya fara wannan shiri da ma'aikatan da yake da su. Ga shawarar yadda za a bi:

(a) Zaɓen masu raino. A zaɓi wanda ya yi shekaru a sashen, mai haƙuri, mai tsabtar aiki, wanda kuma ya yarda da kansa. Tsufa a aiki kaɗai bai isa ba, don ba kowane gwani ne ya iya koyarwa ba. A ba su ɗan gajeren horo kan yadda ake gyara kuskure ba tare da wulaƙanci ba.

(b) Haɗawa. Kada a ɗora wa mutum ɗaya fiye da sababbi biyu. A sanar da sabon ma'aikaci sunan mai rainonsa tun ranar da ya kawo takardar kama aiki. Inda hali ya yi, a haɗa wadda ba ta jin harshen wurin da wadda take ji. Idan jininsu bai haɗu ba, a canja ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba.

(c) Makonnin farko. A zaga da shi asibiti, ya san ɗakin magani da ɗakin awo da wurin ajiyar jini da wanda ake kira in abu ya ɓaci. A sa shi lokacin aiki ɗaya da mai rainonsa. Kada a bar masa ɗaki shi kaɗai da dare sai mai raino ya shaida cewa ya isa.

(d) Ganawa. A wata uku na farko su zauna sau ɗaya a mako, ko da rabin awa ne. Bayan haka sau biyu a wata, sa'an nan sau ɗaya a wata har shekara ta cika. Lalle ne a rubuta wannan lokaci a cikin jadawalin aiki, domin abin da aka bar wa "in an sami sarari" ba ya yiwuwa a asibiti.

(e) Littafin ƙwarewa. A ba kowane sabo ɗan littafi mai jerin ayyukan sashensa. Duk wanda ya gani, ya yi da taimako, sa'an nan ya yi shi kaɗai, mai raino ya sa hannu.

(f) Bayan rasuwa ko kuskure. A zauna da shi a keɓe kafin ya tashi aiki, a bi abin da ya faru daki-daki domin a koya. Kuskuren da ya shafi lafiyar majinyaci tilas a kai rahotonsa ga shugaba, raino ba ya rufe wannan.

(g) Lissafi. Shugabar ma'aikatan jinya ta riƙa rubuta sababbi nawa aka karɓa kowace shekara, nawa suka rage bayan wata 12, nawa bayan wata 24. Wanda zai tafi a tambaye shi dalili. Da wannan ne za a san ko shirin yana aiki.

Hakkin Mai Raino

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ita ma tsohuwar zuma sai an adana ta. Tsofaffin ma'aikata su ne suka fi kowa gajiya, kuma su ma ana zawarcinsu daga waje. Wajibi ne hukumar asibiti ta rage wa mai raino wani abu daga aikinsa na yau da kullum, ta ba shi takardar yabo, ta kuma lissafa wannan hidima sa'ad da ake duba ƙarin girma ko zaɓen masu tafiya kwas. Har wa yau ana iya gayyato waɗanda suka yi ritaya suna zaune a gari, su riƙa leƙowa kwana ɗaya ko biyu a mako. Ma'aikaciyar da aka tura ƙaramin asibitin ƙauye kuwa, a haɗa ta da wata a babban asibiti wadda za ta iya kira ta waya kowane lokaci, ta kuma riƙa kai mata ziyara.

Abin da Raino Ba Zai Iya Ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa raino maganin kowace cuta ne. Kyakkyawar magana ba ta biyan kuɗin haya. Idan albashi bai isa ba, ko alawus ya maƙale, ko babu safar hannu da ruwa da wuta, ko babu masauki da tsaro, ma'aikaci zai tafi ko da mai rainonsa ya fi kowa kirki. Waɗannan hakki ne a kan gwamnatoci uku: ta Tarayya, ta jiha, da ƙaramar hukuma. Haka kuma matsalar ta game duniya, don rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, saboda haka masu neman na ƙasar nan ba za su daina ba. Fa'idar raino ita ce yana hannun kowane asibiti, ana iya fara shi a wannan wata, kuma yana tare mutum daidai lokacin da ya fi saurin karaya.

Aikin Jama'a

Jama'ar gari ma suna da nasu rabo. 'Yan'uwan majinyaci su guji zagi da ɗaga hannu ga ma'aikata. Mai ƙorafi ya kai wa shugaban sashe. In an ga sabuwar ma'aikaciya ta tsaya tambayar babbarta kafin ta ba da magani, kada a ce ba ta iya ba, wannan alamar hattara ce, matambayi kuwa ba ya ɓata. Masu unguwa da kwamitocin lafiya na gundumomi su taimaki baƙo ya sami masauki mai aminci. Sarakuna da limamai su riƙa ambaton darajar wannan aiki. Iyaye da mazan aure kuma su yi haƙuri da aikin dare, su tuna cewa matar da ke son mace ta karɓi haihuwarta ba za ta samu ba sai wani ya bar 'yarsa ko matarsa ta yi aikin.

Taƙaitawa

Horar da ma'aikacin jinya yakan ci shekara uku a kwaleji, ko biyar a jami'a, amma wata shida na rashin kulawa sun isa su raba shi da asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ana kira ga shugabannin asibitoci, na Potiskum da na sauran garuruwan ƙasar nan, kada su bari wani sabon ma'aikaci ya kwana a bakin aiki ba tare da ya san sunan wanda zai kira ba.

Tambayoyi Don Nazari

1. Kawo abubuwa huɗu da ke sa shekarar farko ta yi wa sabon ma'aikacin jinya wuya.
2. Mene ne bambancin mai raino da mai duba aiki?
3. Wane darasi aka koya daga shirin tura unguwarzoma karkara na 2009?
4. Me ya sa ya wajaba a rubuta lokacin ganawa a cikin jadawalin aiki?
5. Wane taimako jama'ar unguwa za su iya yi wa ma'aikacin da aka turo garinsu?